Sunan da na haɗiye a Nakkasa

Abin da na fara lura da shi da muka isa Nakkasa shi ne babu inuwa. A da, duk zafin ranar Makka, mutum yakan hau dutsen nan tun daga gindinsa har ƙofar gidanmu rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba, domin gidajen sun jingina da juna, wannan ya ɗora ɗakinsa a kafaɗar wancan, igiyoyin shanya kuma sun rufe ɗan abin da ya rage na sama. Yanzu an kwashe komai. Dutsen yana tsaye tsirara, sai ɓaraguzan bulo da takalma wari-wari, da ragowar matakala da take hawa ba ta kai ko'ina. Jikata ce ta kawo ni a motarta. Ta kashe mota ta ce, "Sitti, ga Nakkasar taki. Halas, kin gani, mu koma?" Na ce ta yi haƙuri in huta tukuna. Na buɗe ƙofa na fito, na zauna a kan ragowar matakalar.

Hoto ne ya kawo mu. Kwana uku kafin nan yarinyar ta shigo ɗakina a unguwar Ka'akiyya da waya a hannu, ta ce wani Ba'amurke mai ɗaukar wa mujalla hoto ya rasu, 'yarsa tana fitar da ayyukansa duniya tana gani, a ciki har da na Takari a Makka. Ta miƙo mini. Na ga Baba. Yana zaune a kan dutsen ƙofar gidanmu, gammo a cinyarsa, yana dariya har wushiryarsa ta fito. Kowane hoto da sunan mai shi a ƙasa, ban da wannan. 'Yar marigayin ta rubuta cewa shi kaɗai mahaifinta ya bari babu suna, kuma ya sha gaya mata sunan yana hannun wata 'yar makaranta, duk wanda ya san ta ya taimaka. Jikata har tsalle take yi. "Wallahi babanki ne, ga hancin gidanmu nan! Bari in rubuta mata yanzu." Na karɓe wayar na kife ta a kan katifa. Na ce ba za a rubuta komai ba sai ta kai ni Nakkasa.

Yaran yanzu ba su san da kunne muka girma ba. Ita jikata idan wani abu ya faru a unguwa a waya take gani. Mu sauti ne yake gaya mana. Da asuba ƙarar garwa ta masu kawo ruwa, biyu-biyu a sanda, suna hawa suna nishi. Aikina kafin makaranta shi ne in tsaya a bakin ƙofa in riƙe mazurari a bakin randa, kada ɗigo ya faɗi ƙasa, don Inna takan ce wanda bai hau dutse da ruwa ba bai san darajarsa ba. Da hantsi ƙwanƙwasar mai sayar da gas, da rana kukan tattabarai a kan kwano, da la'asar daka. Kowane gida da turminsa, wasu tun daga ƙasar Hausa aka zo da su, kuma nakan gane turmin kowace mata daga amonsa. Amma akwai wata daka da ba ta abinci ba. Idan motar masu kamen takarda ta tsaya a gindin dutse, matar da ta fara gani sai ta kife abin da ke turminta ta ci gaba da daka shi fanko. Turmi fanko amonsa daban ne, yana da kaifi, yana shiga haƙori. Ta gaba ta ji ta kama, ta gaba ta kama, kafin takalmin farko ya taka matakala labari ya kai ƙololuwa. Marasa igama, wato takardar zama, su bi ta bayan dutse. Masu ita su zauna a ƙofa su yi kamar ba su ji komai ba. Har yau idan na ji an buga katako a kan katako sai in tsaya in kasa kunne.

Baba yana cikin masu zama a ƙofa, amma zaman nasa ba na kwanciyar hankali ba ne. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Yayansa, Baffa, shi ya fara zuwa Makka ya sami takarda. Baba ya biyo shi daga baya ya zauna babu ita. Ina goye zazzaɓi ya ɗauke Baffa a ɗakinmu. Dattawan lungu suka zauna, suka dubi mamaci mai takarda da rayayye mara takarda mai mata da jaririya, suka yanke shawara: wanda ya mutu shi ne mara takarda. Da sunan Baba aka binne Baffa. Baba ya wayi gari da sunan yayansa. Sun yi kama, zanen fuskarsu ɗaya ne, sai dai Baffa yana da ɗan karkacewar wuya zuwa hagu. Saboda haka duk lokacin da za a sabunta takarda, Baba yakan sa hular Baffa, ya karkatar da wuya, ya ɗaure fuska, a ɗauke shi. Duk hotunansa da ke duniya kwaikwayon wani yake yi a ciki. Sunansa na yanka kuwa sau ɗaya na ji shi, wata rana da ya yi ciwo mai tsanani Inna ta manta kanta ta kira shi da shi tana kuka. Da ta ga ina tsaye ta kama kunnena ta ce, "Abin da kika ji, rijiya kika jefa shi. Baki shi ke yanka wuya." A makaranta kowace safiya malama tana kirana 'yar Baffa, ina ɗaga hannu.

Sana'ar Baba ɗaukar shibriyya ce. Wani ɗan gado ne na katako da mutum huɗu suke ɗorawa a ka, su yi wa tsoho ko mara lafiya ɗawafi. Yanzu keken lantarki ya maye gurbinsa, ba mai gumi, ba mai gammo. A can Harami ne Ba'amurken ya gan shi, wata shekara bayan aikin hajji, ya biyo su har Nakkasa. Baƙi ne kamarmu, dogo, da furfura a gemu da ɗan ɗingishi. Inna ta sa masa Baƙin Bature, yara suka sa masa Alhaji Mai Hoto. Wani Malam ɗan Zariya da yake karatu a Makka, wanda bai daɗe da tarewa da iyalinsa a lungunmu ba, shi ya sauke shi, shi ne kuma yake masa tafinta. Tun ranar farko aka gargaɗe shi: bango da ƙofa da turmi ya ɗauka son ransa, amma fuska sai mai ita ya yarda. Ya kiyaye. Na lura kafin ya ɗaga kyamara yakan taɓa ƙirjinsa ya jira. Na lura kuma yana da ɗan littafi baƙi da yake ɗaure shi da roba, kuma bai taɓa ɗaukar mutum ya tafi bai buɗe shi ba.

Labarinsa a bayan labule na ji shi, ina tsince shinkafa, su suna shan shayi da Baba bayan la'asar. Ya ce da hoton biki da jana'iza na mutanensa ya fara. Daga nan mujalla ta ɗauke shi. Ta aike shi wurin 'yan dambe, wurin mawaƙa, wurin da aka sakar wa baƙaƙen fata karnuka don sun fito neman haƙƙinsu, ta aike shi yaƙi a wata ƙasa mai ruwa da daji, inda ya samo ɗingishin. Da girmansa ya musulunta. Baba ya tambaye shi, "To wannan ɗan littafi fa, laya ce?" Malam ya fassara, suka yi dariya. Sai mutumin ya daina dariya. Ya ce kakar kakarsa baiwa ce da aka tsallako da ita teku, kuma duk binciken da ya yi bai sami sunan da uwarta ta raɗa mata ba. Saboda haka ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa buga fuskar mutum babu sunansa ba, ko sarki ne ko mai shara. Ya ce ya sha faɗa da manyansa a kan wannan. Baba ya juya kofinsa, ya ce, "Allah ya ji ƙanta." Na leƙa ta ramin labule na ga yana shafa wuyansa ta hagu.

Ranar da abin ya faru na dawo daga makaranta da azahar. Baba ya dawo daga Harami yana zaune a ƙofa, yana ba Inna labarin wani ƙaton alhaji da suka ɗauka wanda ya yi barci a zagaye na uku har da minshari. Mai Hoto yana gefe. Ya taɓa ƙirjinsa. Baba ya ce, "Ɗauka mana, wannan fuskar ai hukuma ma tana da ita," ya ci gaba da dariyarsa, wuyansa a miƙe, kansa babu hula. Na ji ƙas, kyamara ta ɗauka. Aka kira salla, Baba ya shiga yin alwala, ya bar ni da baƙo. Mutumin ya cire robar littafinsa, ya nuna ƙofar da Baba ya shiga, ya tambaye ni suna da gurgun Larabcinsa. Ni da ko malama sai ta tambaye ni sau biyu nake amsawa, balle in ambaci sunan ubana da bakina, abin da 'yar fari mai tarbiyya ba ta yi. Na sunkuyar da kai. Ya ga jakar makaranta a kafaɗata, sai ya miƙo mini littafin da biro. Rubutu shi ne abu ɗaya da na san na fi kowa a ajinmu. Na karɓa. Na fara niyyar rubuta sunan takarda, wallahi shi na yi niyya. Amma na tuna fuskar da na gani yanzu tana dariya, wadda ba ta Baffa ba ce. Wancan suna yana da hotunansa. Wannan fuskar ba ta da suna a ko'ina. Na rubuta sunan yanka, da na kakana, na yi masa wasali har da ado. Ya ce shukran, ya ɗaure littafinsa, ya sauka.

Kafin ya ɓace a kwanar lungu na gane abin da na yi. Mujallarsa duniya take zagawa, har shagunan Jidda ana kawo ta. Sunan da hukuma ta sani a kabari zai fito a ƙarƙashin fuskar da ta sani da wani suna. Za a ɗauki Baba. Ko an yi masa sauƙi tarhil ne, a mayar da shi ƙasar da ya baro tun yana saurayi, mu kuma da muke rataye a takardarsa mu zube. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Na zubar da ruwa a bakin randa, Inna ta ce, "Ke, aljanu ne suka shafe ki?" A rana ta biyu da hantsi, ba makaranta, sai turmi fanko ya tashi daga gindin dutse. Na tsaya a tsakar gida na kasa motsi, ina jin amon yana hawowa gida-gida, ina cewa a raina sun karanta, sun zo. Baba ya sa hular Baffa ya zauna a ƙofa ya karkatar da wuya. Takalma suka zo, suka tsaya, na ji ana buɗe takarda, na ji shiru mai tsawo, suka wuce. A lungun sama suka tafi da wani tela. Matarsa ta biyo su har ƙasa da takalminsa ɗaya a hannu. Da yamma na ji Malam yana gaya wa Baba cewa baƙonsa zai wuce Jidda gobe bayan Juma'a.

Da safe Inna ta zuba dambu a kwano ta ce a kai wa baƙo na sallama. Ban taɓa neman aike ba, ranar na ce ni zan kai. Ta dube ni ta miƙo. Tsakanin gidanmu da na Malam bai fi gida shida ba, amma sau uku ina tsayawa. Damuwata ita ce Malam bai san sirrin ba, sabon zuwa ne, kuma ta bakinsa maganata za ta bi. Dole in roƙi abu ba tare da na faɗi dalili ba. Na same su a zaure, baƙon yana naɗe kyamarorinsa a cikin rawani. Na durƙusa da kwanon a hannu, na kasa ajiye shi.

Malam ya ce, "Ajiye mana, 'yar Baba. Ko sai an biya ki kuɗin dako?"

Na ce, da muryar da ni kaina da kyar na ji, "Malam, takardar nake so."

"Wace takarda?"

"Wadda na rubuta a littafinsa."

"Au, har rubutu kika yi masa? Ashe shiru-shirun naki na munafunci ne. Me kika rubuta?"

Malam ya fassara wa baƙon yana murmushi. Baƙon ya girgiza kai, ya yi magana a hankali, Malam ya ce, "Ya ce rubutunki ya fi nasa kyau, kuma ba ya barin hoto babu suna, kin dai ji dalilinsa. Idan kuskure kika yi, kawo in gyara." Malam ya miƙa hannu wajen littafin. A nan ne hannuwana suka ƙwace mini. Murfin kwanon ya fara kaɗawa, kar-kar-kar, ya cika zauren, na danne shi da babban yatsa ya ƙi tsayawa. Baƙon bai dubi fuskata ba, murfin ya duba. Ya daɗe yana dubansa. Sai ya janye littafin daga gaban Malam ya ɗora a gwiwarsa, ya ce wani abu gajere. Malam ya daina murmushi. Ya ce, "Wai ya taɓa jin irin wannan ƙarar a wasu ƙasashe, ba sai kin faɗi komai ba."

Bayan shafin akwai sunayen wasu mutane. Baƙon ya zauna ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya a sabon shafi, ya tokare littafin yadda Malam ba zai ga nawa rubutun ba, ni kuwa ina durƙushe ina ƙirga numfashina. Da ya gama ya yage takardar, ya ninka ta huɗu, ya karɓi kwanon ya ajiye, ya sa mini ita a tafin hannu. Ya ce, Malam yana fassarawa, "Ban iya karanta shi sosai ba, don haka ban san shi ba. Wannan ne na farko da zan bari babu suna. Zan bar masa wurinsa. Ajiya na ba ki, ranar da babu tsoro ki kawo mini." Na fita ko godiya ban yi ba. A kan matakala na rasa inda zan kai ta. Murhu Inna tana wurin, shara yara suna tonawa, jakata ana bincikawa. Na tura ta a baki na tauna. Ɗacin tawada ne da ƙurar aljihu. Ta maƙale mini a maƙogwaro, na haɗiye da yawu da hawaye, na koma gida na ce wa Inna baƙo ya gode.

Baba bai taɓa sani ba. Ya tsufa, wuyansa ya karkace da gaske saboda nauyin shibriyya, har ya daina buƙatar kwaikwayo. A Ka'akiyya ya rasu, aka yi masa salla da sunan yayansa, Inna tana daga ɗaki tana motsa leɓe da wani suna. Ita ma ta bi shi. Dattawan da suka yanke shawarar duk sun tafi, lungun da ya riƙe sirrin ga shi an kwashe shi a mota. Saura ni.

Duk wannan a kan ragowar matakalar na gaya wa jikata, rana tana dukanmu. Da na gama sai ta ce, "Amma Sitti, wannan ai tsohon zance ne. Wa zai kula yanzu? Mutumin ya jira har ya mutu."

Na ce, "Ƙawata, ke da kike karatun jami'a. Takardata da wane suna take? Ta ƙannena da 'ya'yansu fa? Takardar aurena, da ta haihuwar ubanki? A da sai mutum ya hau dutse da ƙafarsa kafin ya same mu, kuma turmi yana riga shi. Yanzu na'ura ce take haɗa suna da suna tana zaune. Wa zai daka mana turmi?"

Ta sunkuyar da kai. Na ga yatsunta suna wasa da makullin mota, yana ƙara kaɗan-kaɗan, na ji tausayinta, don na san abin da na ɗora mata. Amma na kai shekarun da ajiya ba ta kwana a wurina da tabbas. Na ce ta ba ni biro. Ta laluba jaka ta miƙo. Na kama hannunta na buɗe tafin, na rubuta sunan a karo na biyu a rayuwata, babu ado. Ta karanta a zuci, ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Ki rubuta wa 'yar mutumin nan. Kada ki sa sunanki, kada ki sa nawa. Ki ce 'yar makarantar tana raye, ajiyar tana nan ba ta ɓata ba, kuma ubanta ya cika alkawari, Allah ya haskaka kabarinsa. Ki roƙe ta ta bar wurin a buɗe kamar yadda ya bari. Wannan kuma da ke hannunki, ki haddace shi yanzu ina kallo, ga ruwa ki wanke kafin mu shiga mota. Idan kin ga ranar da babu tsoro, ko ba na nan, don Allah ki kai mata."